Fashin Baƙi: Me Ya Sa Kyamara da Sabar Gida Ke Aiki a Cikin Gida, Su Ƙi Buɗewa Daga Waje?

Me ya sa mutum zai kafa kyamarorin tsaro a shagonsa, ko ya ajiye kwamfuta a gida tana riƙe da lissafin kasuwancinsa, komai ya tafi daidai muddin yana kan waifai ɗin wurin, amma da ya fita ya kunna datar wayarsa sai abin ya ƙi buɗewa? Tambayar ta yawaita a Sakkwato cikin 'yan shekarun nan. Halin tsaro ya sa jama'a sayen kyamara, sola da inbata sun sa na'ura tana iya kwana a kunne, Starlink kuma ta shigo Najeriya a Janairun 2023, intanet mai ƙarfi ta isa gidajen da a da sai an fita tsakar gida ake samun sabis. Mai kemis a Mabera yana son ganin cinikin rana daga gida. Shugaban makarantar kuɗi yana son malamai su shigar da sakamakon jarrabawa daga inda suke. Ɗalibin kwamfuta a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya haɗa shafinsa a tsohuwar laftof, yana son abokinsa na Birnin Kebbi ya gani.

Kokensu ɗaya ne: "Abin ga shina aiki cikin gida, da na fita sai shi ƙi." Amsar da ake ba su ma kusan ɗaya ce, wai fayawol ce ta tare, a kashe ta. Sai a kashe, ba a ga sauyi ba, ba a kuma mayar da ita ba. Wannan shawara ita ta fi damuna a duk lamarin, domin sau da yawa fayawol ba ta da hannu a matsalar, kashe ta kuma yana barin na'ura ba kariya. A wurinmu, inda galibin intanet ta layin waya ko ta tauraron ɗan'adam take zuwa, shingen yana can gaba, a wurin da saitin cikin gida ba ya kaiwa.

## Saba, adireshi, fot da fayawol

Duk kwamfutar da aka bari a kunne tana jiran buƙatar wasu na'urori tana amsawa, ta zama saba. Tsohuwar laftof tana iya zama, ƙaramin allon Raspberry Pi yana iya zama, haka akwatin ajiyar fayil na NAS, har da DVR ɗin da ke naɗar hotunan kyamara. Kowace na'ura da ke kan layi tana da adireshin IP, lambobi huɗu da ɗigo a tsakaninsu. Da yake na'ura guda tana yin ayyuka da dama a lokaci ɗaya, bayan adireshi akwai lambar fot, daga 0 zuwa 65535, mai nuna aikin da ake nema. Shafin yanar gizo yana sauraro a 80, mai kulle kuma a 443. Shiga kwamfutar Linux daga nesa ta SSH a 22 ake yi, ta Windows a 3389. Hoton kyamara mai motsi yakan bi 554. Cikin kamfanonin ƙera kyamara, Hikvision tana ƙara 8000 domin manhajarta, Dahua kuma 37777.

Fot iri biyu ne, TCP da UDP, kuma kowanne da lissafinsa. Wanda ya buɗe 51820 a TCP domin WireGuard, manhajar da ke haɗa na'urori ta ɓoyayyiyar hanya, bai buɗe komai ba, saboda WireGuard UDP kaɗai take bi.

Fayawol kuwa ƙa'ida ce da ke duba kowane saƙo ta yanke hukunci, ya wuce ko a jefar da shi. Akwai ta cikin rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, akwai ta cikin kwamfutar kanta, wani lokaci manhajar riga-kafin bayiros ta ƙara tata. Wanda ya ce ya kashe fayawol, a tambaye shi wacce daga ciki.

## Aikin rauta

Adireshin da kwamfutarka ke nunawa, irin 192.168.1.20, ba a san shi a intanet ba. Tun 1996 aka ware rukuni uku domin amfanin cikin gida: masu farawa da 10, masu farawa da 172.16 zuwa 172.31, da masu farawa da 192.168. Miliyoyin gidaje suna riƙe da lamba iri ɗaya ba tare da rikici ba, domin lambar ba ta fita waje. Adireshin da ke fita shi ne na rauta, a ɓangarenta na waje wanda ake rubutawa WAN.

Rauta tamkar zauren gida ce. In ɗan gida ya yi aike waje, mai zaman zaure ya san wanda ya aika, amsa na dawowa zai kai masa. In kuwa baƙo ne ya yi sallama ba wanda ya kira shi, ba a kuma san wurin wa ya zo ba, a waje zai tsaya. Wannan musanyar adireshin ciki da na waje ita ce NAT. Tura fot shi ne barin sallahu a zaure, cewa duk wanda ya zo da lamba 8000 a kai shi wurin 192.168.1.20. A shafin rauta za ka ga an rubuta Port Forwarding, wasu kamfanoni kuma Virtual Server ko Port Mapping suke sa wa.

Shi ya sa WhatsApp da YouTube ba sa buƙatar wani saiti. A can kai ne kake fara magana. Saba kuwa ita ake fara yi wa magana daga waje, kuma duk wahalar daga nan ta taso.

## Inda akasarinmu ke maƙalewa

Duk wannan bayani ya ginu a kan zaton cewa rautarka tana da adireshin fili, wanda kowa a duniya zai iya nufa kai tsaye. Bidiyoyin koyarwar da ake kwaikwaya, da yawansu an yi su ne a ƙasashen da intanet ke shiga gida ta kebul, inda wannan zato yakan dace. Mai sim a cikin rauta a Runjin Sambo yana cikin wani hali daban.

Tsarin adireshin da aka fi amfani da shi, IPv4, adireshi kusan biliyan 4.3 ne kacal a cikinsa, alhali mutanen duniya sun haura biliyan 8, da yawa kuma da na'ura fiye da ɗaya. Amurka, inda intanet ta samo asali, ta kwashi kaso mai tsoka tun farko. A Fabrairun 2011 hukumar IANA mai rabon adireshi a duniya ta raba ragowar abin da ke hannunta ga cibiyoyin yankuna biyar, ciki har da AFRINIC mai kula da Afirka, wadda jimillar kason da ta samu tun farko shi ne mafi ƙanƙanta. A Najeriya kaɗai layukan da ke hawa intanet sun haura miliyan 100. Ba yadda kamfanin waya zai ba kowane sim adireshinsa. Abin da kamfanonin wayar salula ke yi, nan da ko'ina a duniya, shi ne tara masu layi da yawa a bayan adireshi guda, su yi musu NAT ta biyu a cibiyarsu. Sunan tsarin CGNAT. A 2012 aka ware masa rukuninsa, daga 100.64 zuwa 100.127. Ke nan zaurenka yana cikin wani babban gida ne mai nasa zauren, sallahun da ka bari a naka ba ya isa can, baƙon kuma a ƙofar farko aka mayar da shi.

Gane wannan ba ya cin minti biyar, kuma shi ya kamata a fara yi kafin a taɓa komai. Ka shiga shafin rauta, wanda yawanci yake a 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, ko 192.168.8.1 ga na'urorin Huawei, ka duba adireshin WAN. Sannan daga wayar da ke kan waifai ɗin ka buɗe ɗaya daga shafukan da ke nuna wa mutum adireshin da duniya ke ganinsa da shi. In lambobin biyu sun zo ɗaya, kana da adireshin fili. In sun bambanta, ko na WAN ya fara da 10, ko ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, to akwai wata NAT a gabanka. A wannan hali ko ka kwana kana gyaran saiti, ko ka kashe duk wata fayawol da ke gidan, saƙon waje ba zai iso ba, domin bai ma kai ga rautarka ba.

Masu Starlink su ma abin ya shafe su, kuma sun fi jin zafinsa saboda kuɗin da suka zuba. A tsarin gidaje, adireshin IPv4 ɗinta na bayan CGNAT ne, adireshin fili sai a tsarin 'yan kasuwa mai ƙarin tsada. Rautar da take zuwa da ita ba ta da shafin tura fot. Wasu sukan sa ta a yanayin Bypass, inda take barin aikin rauta, su jona wata rautar kamar MikroTik ko TP-Link, wanda yana da amfaninsa, sai dai ba ya cire CGNAT. Shafin saiti ka samu, adireshin fili yana nan inda yake.

Haka batun DDNS. Mutum zai yi rajistar suna a No-IP ko DuckDNS yana zaton ya gama. Aikin DDNS shi ne bin sawun adireshin fili mai sauyawa, domin kada ka riƙa haddace sabuwar lamba kullum. In kana bayan CGNAT, sunan zai nuna adireshin kamfani ne, wanda kake tarayya a kansa da mutanen da ba ka sani ba.

Akwai mai kama da wannan amma mai sauƙin magani. Kamfani ya kawo rautarsa, mai gida ya ga waifai ɗinta bai isa ɗakunan baya ba, ya jona tasa a jikinta. NAT ta zama biyu, amma duka a hannunka suke. In WAN ɗin rautarka ya fara da 192.168, duba na'urar da ke gabanta. Ko a tura fot ɗin a duka biyun, ko a sa ta farko a yanayin Bridge, ko a mayar da ta biyu mai watsa waifai kawai. Bayan haka a sake duba WAN na ta farkon, don ita ma tana iya kasancewa bayan CGNAT.

## In adireshin fili gare ka, amma abin ya ƙi

Nan ne ake binciken gaske, kuma daga ciki ake farawa a fita waje. Mai tsalle daga wannan saiti zuwa wancan yakan gyara abu ɗaya ya ɓata biyu, ya kasa sanin wanne ya yi aiki.

A fara da sabar kanta: manhajar tana sauraro kuwa? A Linux umarnin `ss -tulnp` zai nuna, a Windows `netstat -ano`. A kula da abin da ke gaban lambar fot. In 127.0.0.1 ne, manhajar da kwamfutar da take ciki kaɗai take magana, ko na'urar da ke kan tebur ɗaya ba za ta same ta ba. Ana son a ga 0.0.0.0 ko adireshin kwamfutar na cikin gida. Ɗalibai masu gwajin shafi nan suka fi faɗawa, domin manhajojin gwaji da yawa a 127.0.0.1 suke tashi sai an ce musu akasin haka.

Daga nan a gwada daga wata na'ura a cikin gidan. In kwamfutar tana buɗe kanta amma wayar da ke kan waifai ɗaya ta kasa, to a nan kam fayawol ɗin kwamfutar ce abin zargi. Windows tana raba layi zuwa Private da Public, kuma ƙa'idar da aka rubuta wa ɗaya ba ta aiki a ɗayan. In aka sauya rauta, Windows takan ɗauki layin a matsayin sabo ta sa shi a Public, abin da ke aiki jiya ya tsaya yau. A Ubuntu, wani nau'in Linux, `sudo ufw status` zai nuna ƙa'idodin fayawol ɗinta mai suna ufw, `sudo ufw allow 443/tcp` ya buɗe fot ɗaya tak. Ba laifi a kashe fayawol na minti ɗaya domin gwaji a cikin gida, da sharaɗin a kunna ta nan take a rubuta ƙa'idar da ta dace. Masu Docker, manhajar da ke killace wasu manhajoji a cikin saba, su san cewa tasu matsalar a juye take: Docker tana rubuta ƙa'idodinta kai tsaye, ta tsallake ufw, fot ɗin da kake zaton a rufe yake ya kasance a buɗe.

In cikin gida ya yi, sai a koma rauta. Abin da ya fi lalata saiti a garinmu shi ne ɗauke wuta. Rauta tana raba adireshin cikin gida ne ga wanda ya fara tashi. Yau DVR yana 192.168.1.20, an ɗauke wuta an maido, talabijin ta riga shi ta karɓe lambar, shi ya koma 23, ƙa'idar rauta kuma tana nan tana kai baƙi wurin talabijin. Duk wanda ya ce abin ya yi mako biyu yana aiki sai kawai ya daina, a fara duba masa wannan. Maganinsa a ɗaure adireshin ga na'urar a shafin DHCP na rauta, ko a ba ta tsayayyen adireshi a wajen rukunin da rauta ke rabawa.

Sai dai ba da tsayayyen adireshi da hannu yana da tarkonsa. Mai haɗa kyamara zai cike adireshi, ya bar gurbin Gateway, inda ake sa adireshin rauta, ba komai, ko ya bar na tsohuwar rauta. A cikin gida ba za a ga illa ba. Daga waje kuwa saƙo zai iso DVR, shi kuma bai san hanyar da zai mayar da amsa ba. Alamar ta yi kama da ta fayawol sak, an kuma sha ɗora mata laifin da ba nata ba a kan wannan.

Ragowar ƙananan abubuwa ne. An buɗe 80 an manta 8000 da 554, shafin shiga ya fito amma hoto ya ƙi. Ko rautar da kanta ta riƙe 80 domin shafinta, sai a zaɓi wata lamba ta waje, kamar 8080, a tura ta zuwa 80 na ciki.

Gwajin ƙarshe dole daga waje ne na gaskiya: a kashe waifai ɗin waya a kunna data. Rautoci da yawa ba su iya juyo da saƙon da ya fito daga ciki yana neman adireshinsu na waje, saiti yana daidai amma gwajin cikin gida ya ce ya lalace. Shafukan da ke duba fot su ma ba a yarda da su ɗari bisa ɗari. In ba manhajar da ke sauraro a lokacin za su ce a rufe yake ko da turawar ta yi kyau, kuma yawancinsu TCP kaɗai suke dubawa.

Saƙon kuskuren da ya fito yana da labari. In an rubuta "connection refused" nan take, saƙonka ya isa wata na'ura ta ce ba mai sauraro a wannan fot, don haka a duba manhajar ko adireshin da aka tura wa. In ya daɗe yana juyawa kafin ya ce "timed out", an jefar da saƙon ne a hanya ba amsa, aikin fayawol ke nan, ko CGNAT, ko Gateway mara kyau. Mai Linux yana iya raba gardama da `sudo tcpdump -ni any port 443` yayin da wani ke gwadawa daga waje. In ba abin da ya bayyana, matsalar tana gaban sabar. In saƙo yana shigowa amsa ba ta fita, tana cikinta.

## Laifin wa?

Mai shago yakan ce mai haɗa kyamara ya karɓi kuɗinsa bai iya aiki ba. Mai haɗawa ya ce kamfanin waya ne ya toshe. Kamfani kuma hujjarsa a fili take: adireshi ya yi ƙaranci, kusan duk masu sayen data kallo da hira suke yi, waɗanda CGNAT ba ta hana su komai.

A ganina kowa yana da ɗan gaskiya, amma nauyi mafi girma yana kan mai sana'a. Wanda ya yi wa mutum alkawarin kallo daga nesa ta hanyar tura fot, bai duba adireshin WAN ba kafin ya yanke farashi, bai yi wa abokin cinikinsa adalci ba. Masu sayar da intanet su ma ya dace su riƙa faɗa a sarari ko layinsu yana da adireshin fili, tun kafin a biya.

Wanda bai taɓa kafa saba ba shi ma CGNAT tana taɓa shi. In wani daga cikin masu tarayya da kai a adireshi ya yi ɓarna, shafi yana iya tsare ku gaba ɗaya, ko ya dame ka da tambayar ko kai mutum ne. Ta wani gefen kuma ta zame mana rufin asiri ba da niyya ba, domin DVR nawa ne a shagunan garin nan masu kalmar sirri irin 12345, waɗanda CGNAT ce kaɗai ta hana duniya isa gare su?

## Abin da ke biyo bayan buɗe fot

Mutane sukan ce wa ya san da ɗan shagona da zai neme ni. Ba mutum ne ke nema ba, manhajoji ne masu ƙwanƙwasa kowane adireshi dare da rana. Tun 2013 masu bincike a Jami'ar Michigan ta Amurka suka nuna da manhajarsu ZMap cewa kwamfuta ɗaya mai layi mai ƙarfi tana iya zagaye duk adireshin IPv4 cikin ƙasa da minti 45. Shafin Shodan kuma yana tara jerin na'urorin da ke buɗe, kowa na iya bincikawa.

A 2016 muguwar manhajar Mirai ta kame ɗimbin kyamarori da DVR da rautoci. Ba ta yi wata dabara mai zurfi ba. Tana ƙwanƙwasa fot 23, ta gwada jerin sunaye da kalmomin sirri kusan 60 waɗanda na'urori ke fitowa da su daga masana'anta. A ranar 21 ga Oktoba na shekarar aka haɗa ƙarfin waɗannan na'urori aka afka wa kamfanin Dyn, Twitter da Netflix da wasu manyan shafuka suka ƙi buɗewa ga jama'a da yawa a Amurka. Masu kyamarorin ba su ma san da nasu aka yi ba. A Mayun 2017 wata muguwar manhajar, WannaCry, ta bi ta fot 445 na Windows ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila. A Janairun 2022 DeadBolt ta kulle fayilolin masu akwatunan ajiyar fayil na QNAP da ke buɗe ga intanet, tana neman kuɗin fansa.

Saboda haka saiti biyu na rauta suke ba ni tsoro. DMZ yana tura kowane fot, duka 65535, zuwa na'ura ɗaya, kuma shi ne abin da wanda ya gaji da bincike yake dannawa. UPnP kuma yana ba kowace na'ura a gidan izinin buɗe wa kanta fot ba tare da an tambaye ka ba. Fot 3389 da 445 da 23, da 3306 na rumbun bayanai na MySQL, ba a barin su ga intanet ko da wane uzuri. Makaranta ko kemis ko asibitin da ke ajiye bayanan mutane su tuna cewa Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a Yunin 2023, ta ɗora musu alhakin tsare su. Sakamakon yara da sunayen marasa lafiya amana ce tun kafin doka ta faɗa.

## Hanyoyin da ba sa buƙatar buɗe fot

Dabarar da ke tsallake CGNAT guda ce: sabar ta fara magana da wani wuri a waje, kai ma ka nufi wurin, ku haɗu a can. Tunda daga ciki aka fara, rauta da kamfani duk za su bari.

Ga mai kyamara, mafi sauƙi shi ne tsarin kamfanin da ya ƙera ta, Hik-Connect ga Hikvision, DMSS ga Dahua, inda ake ɗaukar hoton lambar QR a haɗa. Ka dogara ke nan da sabobin kamfanin, amma ga mai shago guda wannan ya fi buɗe fot aminci nesa ba kusa ba. Abin da zan jaddada shi ne a yi rajistar da lambar waya ko imel ɗin mai shago. In mai haɗawa ya ɗaure na'urar a asusunsa, yana iya kallon shagonka ko tsakar gidanka duk lokacin da ya so, in kuma kun ɓata ko ya bar gari, kwance ta yana da wahala.

Ga kwamfuta, Tailscale da ZeroTier suna haɗa na'urorinka su zama kamar a waifai ɗaya suke, ko ɗaya tana Gwadabawa ɗaya tana Abuja. Tailscale a kan WireGuard aka gina ta, tana da tsarin kyauta ga amfanin kai. In ta kasa haɗa na'urorin kai tsaye sai ta bi ta tashar tsakiya, sauri ya ragu amma aiki ya tafi. DVR ba ya ɗaukar manhajar, sai a sa ta a ƙaramar kwamfuta a wurin, ta zama hanyar isa gare shi. Wannan ya dace da mai kemis da shugaban makaranta, domin waɗanda aka ba izini kaɗai ke ganin sabar. In kuwa shafi ne da ake son kowa ya gani, kamar na ɗalibin nan, Cloudflare Tunnel ta fi dacewa, sai dai tana buƙatar ka mallaki sunan shafi, bayanan kuma ta hannun kamfanin suke bi. Mai son riƙe komai a hannunsa sai ya yi hayar ƙaramar saba a waje, wadda ake kira VPS, ya haɗa ta da ta gida ta WireGuard, yana biya duk wata, sau da yawa da dala. Akwai kuma neman adireshin fili daga kamfani, wanda galibi a tsarin ofisoshi ake samu.

Maganin asali shi ne IPv6, inda adireshi ya wadata har kowace na'ura ta samu nata na fili, ba sauran NAT. Starlink tana ba da shi. A can ba a tura fot, a fayawol ɗin rauta ake buɗe hanya, kuma a nan ne kashe ta ya fi haɗari, domin ita kaɗai ce tsakanin na'urorin gida da duniya. Cikas ɗin shi ne sai duka ɓangarorin biyu suna da shi. In wayarka tana kan layin da IPv4 kaɗai yake bayarwa, ba za ta isa sabar ba.

## Kuɗin da ba a sa a lissafi

Ko an haɗu, saurin da ke aiki a nan shi ne na aikawa daga gida, wanda a layin waya ya fi na saukewa ƙanƙanta sosai. Kyamara ɗaya mai aika megabit 2 a daƙiƙa tana cin kusan megabayit 900 a sa'a, kuma sau biyu ake biya, a layin shago da a wayar mai kallo. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kusan kowane DVR yana da hoto na biyu mai sauƙi domin waya, shi ya kamata a zaɓa a manhajar, a bar mai nauyin yana naɗewa a cikin akwatin.

Sai wuta da zafi. In DVR yana kan inbata amma rauta tana kan wutar gari, da an ɗauke ya ci gaba da naɗa, kallo daga nesa ya yanke. Tsakanin Maris da Mayu zafin Sakkwato yana wuce maki 40, rautocin gida da yawa kuma iyakar da aka ƙera su a kai ke nan. Wadda aka rataye a ƙarƙashin kwanon shago, ko aka kulle cikin akwatin ƙarfe tare da DVR, takan sanƙare da azahar ta dawo da yamma. In matsalar tana bin sa'o'in rana, a sauko da rautar zuwa wuri mai iska, a jona ta a inbata ɗaya da sabar, a sake gwadawa kwana biyu kafin a taɓa saiti.